Fatar Asibiti

Tun da aka fito da fatar asibiti, maganin shafawa mai zama sabuwar fata a jiki, ƙazuwa da ƙyasfi suka ɓace a Gumel. Lantana ta goyo Sadi, jaririnta da ƙuraje suka hana sakat, ta bi layi don a shafa masa, kamar yadda aka yi wa yayarsa Bintalo.

Ya tsala kuka. Ta sauke shi, ta murza masa man kaɗanya a baya, ya yi luf.

Bintalo ta ce, "Umma, me yake ji idan kin taɓa shi?"

Lantana ta kama hannun yarinyar, sumul babu tabo, ta matse shi. Bintalo ba ta ma sani ba, don fatar asibiti ba ta jin taɓi, idonta na kan ƙaninta.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Maman yaro, ke ce."

Lantana ta mayar da goyonta, ta ɗaure zani tam.

"Sista, kira wadda ke bayana."