Abokin Zaman Dattijo

Tun da ta dawo daga aikin ido, Dattijo bai ƙara zuwa ƙafarta ba.

Dattijo kunkuru ne, gadon mahaifinta, ya haura shekara arba'in a gidan. 'Ya'yanta Uwar Tsafta suke ce mata, don ko cokali sai ta wanke sau biyu, amma kunkurun nan kaɗai ba ta ƙyama. Kullum da safe yakan jawo jiki ya dunguri babban yatsanta, ta miƙa masa kokwamba.

Mahaifinta mai gyaran rediyo ne. Da keke ya taɓa fasa wa kunkurun ƙasan ciki, shi ya ɗinke tsagar da jar waya. Daga ranar ya hana kowa kifar da shi, ita ma ba ta taɓa karya dokar ba.

Wata biyu ta yi tsakanin asibiti da gidan 'yarta. Da ta dawo, komai ya canza mata kama, har labulen ɗakinta, saboda haka ba ta yi mamaki ba da Dattijo ya yi mata haske a ido. Abin da ya dame ta shi ne ya koma bayan tankin ruwa ya lafe, ko kiranta ba ya amsawa.

"Kaɗaici ne," in ji maigidan, idonsa na kan jarida. "Da ba kya nan har kififiya na kawo masa, ta gudu."

Likitan dabbobi ya ɓata fuska da ta ba shi labari. Ya ce Allah ne ya tsare. Kunkurun ruwa daban, na tudu daban, ko na tudun ma iri-iri ne. Wani yana yawo da cutar da ba ta yi masa komai, amma ta kwantar da ɗan'uwansa cikin mako guda. In za ta ƙaro, ta nemo irinsa sak, mai busasshen hanci.

Ranar Asabar suka tafi kasuwar dabbobi. Maigidan ya ƙi fitowa daga mota, wai warin yana tayar masa da zuciya.

Wannan kam bai yi ƙarya ba. Rumfar mai kunkuru tana ƙarshen layin 'yan kaji, inda kwata ta toshe. Mutumin ya zuba su duka a tsohon bahon wanka, na ruwa da na tudu, manya da ƙanana, suna hawan juna cikin ruɓaɓɓen kabeji da kashi. Ƙudaje kamar an gayyace su. Ta toshe hanci da gefen mayafi, ranta duk ya ɓaci. Tir da wannan sana'a.

Mafi muni shi ne wanda aka yar a gefen bahon. Wani ƙato ne, kashi ya bushe a bayansa, idanunsa sun kumbura sun liƙe, majina tana kumfa a hancinsa. Tana tsaye tana duba sauran, sai ta ji sanyi a ƙafa. Abin nan ne ya jawo jiki ya goga mata majinar a yatsa.

Ta yi tsalle baya, ta ture shi da gefen takalmi.

"Malam, ba ka jin tsoron Allah? Ka kawar da wannan ƙazantar kafin ya kashe maka sauran."

"Musaya aka yi mini da shi, Hajiya, na yi zaton zai tashi. Amma tunda kin faɗa, yau ɗin nan."

Ta zaɓi wata 'yar madaidaiciya mai tsabtar hanci, launinta ɗaya da na gida. A mota ta kusa ƙarar da kwalbar ruwa wajen wanke ƙafa. Maigidan kuwa sai sauri yake su bar wurin.

Ta haɗa su a tsakar gida, kuma abin mamaki, na bayan tanki ya fito nan take. Suka sa kai a faranti ɗaya kamar sun saba. Ta ji daɗi, ko da yake har yanzu bai kalli ƙafarta ba.

Kwana uku bayan nan ta ga kaska uku a wuyan sabuwar, sun sha jini sun kumbura suntum. Ta ɗauki mayafi, ta hau tasi ita kaɗai, da niyyar wanke mai kunkuru tas.

Ya tare ta da fara'a tun kafin ta buɗe baki.

"Hajiya, na bi shawararki. Masu sayen ƙoƙon kunkuru ma sun yi ciniki, gobe za su ɗauka."

Ya nuna mata tebur. An wanke ƙoƙon fes, an kife shi a rana, ƙasan cikinsa na kallon sama. A tsakiya akwai tsohuwar tsaga, an ɗinke ta da jar waya, ɗinki bakwai a jere, irin na mai gyaran rediyo.

"Ki gaida maigida, ai na hango shi a mota rannan," in ji mai kunkuru yana korar ƙuda. "Ki ce masa wancan da ya kawo mini musaya kina asibiti, wanda kififiya ta sa wa ciwo, shi ne kika ce a kawar."