Kyanwar Koren Ƙyaure

Wata bakwai ke nan wata mai ɗaukar hoto tana bin kyanwoyin birni da kyamara. Ta ɗauki na bayan mahauta, masu tumbi kamar 'yan kwangila, ta ɗauki na tasha da na ƙarƙashin gada. Kowacce sai ta yi mata lamɓo, don da sun ji motsi sai su ranta a na kare.

Guda ɗaya ce ba ta gudu. Wata fara ce mai yagaggen kunne, kullum tana zaune a bakin koren ƙyauren wani kullallen gida. Tun daga kan kwana take hango mai hoton, ta miƙe, ta zuba mata ido. Wannan kallon ne ya ciyo mata gasa, har jarida ta buga. Amma ba ta taɓa rataya hoton a ɗakinta ba, sayen kifinta dai ya ƙaru.

Telan da ya kama shago a layin kwanan nan ya kasa haƙuri.

"Malama, wane asiri gare ki? Ni ko nama na miƙa mata, kallon banza take min."

"Sa'a ce kawai."

"An ce ta wata tsohuwa ce da ta rasu. 'Ya'yanta suka kwashe har tsintsiya, suka bar baiwar Allah a titi. Wasu dai ba su da imani."

Ta sunkuyar da kai tana goge gilashin kyamarar, alhali babu komai a kansa.

Ranar Litinin ta tarar da jan fentin rusau a bangon gidan, katafila tana ruri a bakin layi. Babu kyanwa. Ta kara kunne a ƙyauren, sai ta ji siririn kuka daga ciki. Ashe ta fasasshiyar taga kyanwar ta faɗa ciki, ta kasa fitowa.

Direban katafilar ya ce minti biyar ya ba su. Tela ya ruga ya ɗauko guduma.

"Bari, Malam," in ji mai hoton.

Ta zura hannu can ƙasan jakar kyamara ta ciro mabuɗi. Ta ɗan ɗaga ƙyauren da gwiwa kafin ta murɗa, yadda Inna ta koya mata tun tana 'yar firamare, Innar da ta damƙa mata mabuɗin nan a gadon asibiti ta ce, "Ga amanar kyanwata."