Gorar da Aka Tuge a Mashigar Tsibiri

Tanimu, tunda ka ɗaura niyyar zuwa ci-rani inda ba a san uwarka ba balle ubanka, ajiye jakar nan ka ji wani misali.

An yi wani mutum da matarsa da suka ɗauki doguwar tafiya a kogin Kwara, su biyu rak a jirginsu na katako. Sun ɗinke tsofaffin buhuna sun yi babban ƙyalle, sun ɗaura shi jikin gora, iska na tura su, suna hutar da hannu. Kwanansu goma sha tara a kan ruwa guguwa ta karya gorar nan gida biyu. Da ƙyar suka lallaɓa zuwa wani tsibiri na masunta, hannuwansu duk kanta, garinsu ya jiƙe ya yi tsami. Mutanen tsibirin nan kuwa ba sa tambayar baƙo daga ina sai ya ƙoshi. Wani dattijo ya sauke su a ɗakin da ya fi kowanne rufi mai kyau, matarsa ta ɗora musu tuwo da miyar kifi, ta ba baƙuwar zanenta na zuwa suna ta ɗaura kafin nata ya bushe. Da dattijon ya ga karyayyar gora, ya ce su kwantar da hankalinsu, babu irinta a tsibiri, amma da safe zai haye can tsallake ya saro musu wata, kwana biyu ya dawo. Ya kuwa tafi, tsoho da shi, shi kaɗai a kwalekwalensa.

To, a mashigar tsibirin akwai wani dutse kwance a ƙarƙashin ruwa, in kogi ya cika ba a ganin ko ƙeyarsa. Tun kakanni suke kafa doguwar gora a gefensa da jan tsumma a kai, duk mai shigowa ya gan ta ya karkata dama. Su kansu baƙin ita ta shigo da su lafiya. Washegarin tafiyar dattijo iska ta juyo daidai inda suka nufa, mutumin nan ya tsaya a gaɓa yana ganin ranar tafiya tana wucewa, idonsa ya sauka kan gorar alama: miƙaƙƙiya, busasshiya, kamar don shi aka yanke ta. Matar ta ce, "Malam, wannan fa alama ce." Ya ce, "Ruwansu ne, ko ido rufe sun san shi. Mu ne za mu kwana a hanya." Ta faɗa sau ɗaya don ta wanke kanta, sannan ita ce ta riƙe masa jirgi yana jijjiga gorar har ta tugu, da tsakar rana, lokacin da maza ke wurin kamun kifi, mata na daka. Suka kafa ta a jirginsu suka wuce, ba sallama, ba godiya, tuwon mutane ko narkewa bai yi a cikinsu ba. Wace irin zuciya ce wannan, don Allah? Da la'asar dattijo ya taho cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, sabuwar gora kwance a kwalekwalensa. Yana ta baza ido neman jan tsumma, da bai gani ba ya ɗauka da sauran tafiya, ya ƙara ƙarfin tuƙi. Dutsen ya tsaga jirgin tun daga kai har gindi. An tsamo shi da ransa, amma ƙugu ya karye, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya koma ga Allah.

Kada ka tambaye ni abin da ya sami waɗancan biyun. Ban sani ba, wataƙila sun isa lafiya har da tsaraba. Hisabinsu yana inda ba a mantuwa. Abin da na sani, da damina ta zagayo wasu matafiya suka nufo tsibirin, bayin Allah da ba su taɓa tuge ko tsinke ba, da mace mai tsohon ciki kwance a jirginsu tana nishi, suna ɗaga hannu suna sallama. Mazan tsibiri suka jeru a gaɓa da sandunan tuƙi, suka ce su yi gaba. Matar dattijon nan, wadda ta taɓa ba baƙuwa zanenta, tana tsaye a bayansu tana kallo.

Can inda za ka, duk ƙofar da aka buɗe maka, wani ne ya shige ta kafin kai ya fita da mutunci, kuma akwai ɗan wata a bayanka da zai zo ya ƙwanƙwasa. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.