Jar Motar Alhaji Tanimu

Jar motar tsere ta Alhaji Tanimu ba ta dawo filin baje koli ba. Ta fita ranar Asabar da hantsi a Katsina, da mutum biyu a ciki.

Tun da aka hana tuƙi da hannu, motoci ke kai kansu. Sau ɗaya a shekara hukuma ke mayar wa masu tsofaffin motoci sitiyarinsu, su zaga fili da baƙo ɗaya, su miƙa sitiyarin kafin azahar.

Ranar, Tanimu yana goge fitilar motar a filin sai ga maƙwabcinsa, Malam Ilu tela, ƙafafunsa duk ƙura.

"Malam, da ƙafa ka zo? Rowar ta kai haka?"

"Alhaji, an kira sunana a ofishin hukuma. Duk motar da na shiga, kulle ƙofa za ta yi ta kai ni can. Haka aka yi wa ƙanena, har yau shiru." Ya shafa murfin injin. "Ita wannan, wa take yi wa biyayya?"

"Hannuna kawai."

"To, Jibiya nake so, wurin dangina."

Tanimu ya dubi jami'in da ke ƙofa, ya ce, "Shiga."

Sun zaga fili ana tafi, sannan ya karya kan mota ya fice. Ba wanda ya bi su. A kan titi ya ga motocin nan marasa direba suna kaucewa gefe ɗaya bayan ɗaya, suna buɗe masa hanya. Bai taɓa ganin sun ba kowa hanya ba.

Har jiya dangin Ilu a Jibiya sun ce ba su ga kowa ba.