Gafiyar da Ba Ta Gudu Ba

Ina ɗan shekara takwas na kama gafiya da hannuna a gindin rumbunmu. Ba ta gudu ba, kallona kawai ta yi. A shekarar ɓeraye suka addabi gonaki, har malamin gona ya raba guba ana cuɗawa da tsaki, amma murnar nama ta mantar da ni.

Na babbaka ta a bayan darni, na cinye cinya ɗaya, sai ga Baba. Ƙaurin gashin ne ya jawo shi.

"Ina ka samo ta?"

"Gindin rumbu. Ko gudu ba ta yi ba."

Ya durƙusa ya riƙe haɓata, hannunsa na rawa.

"Ka ci? Hwaɗa min gaskiya, ba ni bugun ka."

Nan na gane ba lafiya ba, don Baba bai taɓa yi min alkawari irin wannan ba. Na nuna masa ƙashin. Ya saɓa ni a kafaɗa ya nufi likita, asibitin garin Buza, da gudu, ya bar takalmi ɗaya a hanya.

Yau jikoki gare ni, amma da na ji ƙaurin babbaka, sai in ji hannun nan yana rawa a haɓata.