Mai Gyaran Agogo a Hawan Mambila

Tunda ka ce kai bakinka ba ya iya buɗuwa ka nemi taimako, gyara zama in ba ka misalin wani mai gyaran agogo.

Mutumin nan yana da wani tsohon babur baƙi ƙirar Ingila, irin mai rugugin nan da in ya doso unguwa kaji ke watsewa. Duk shekara bayan ɗaukewar ruwa, shi da sauran masu tsofaffin babura sukan yi gasar doguwar tafiya. Ba gasar gudu ba ce, don a cikinsu da wuya ka sami wanda zai tsere wa jakin da ya yi niyya. Sharaɗin kawai shi ne babur ya girmi ɗan farin mai shi, kuma ya kai ƙarshen tafiya da injinsa. Babur ɗin da ya mutu murus a hanya sai a ɗora shi a bayan wata akori-kura da ke biye da su, wadda suka laƙaba wa suna makara. Babur ɗin mai agogo bai taɓa hawa makara ba, kuma babu abin da mai shi yake tsoro a duniya kamar ranar da za a ɗaure masa babur da igiya a kanta yana ji yana gani.

Al'adarsu ita ce ranar jajibiri a baje kayan gyara a tabarma a raba, saboda tsohon inji ba ya son nauyi. Wannan ya ɗauki sarƙa, wancan famfo da kayan faci, wani fulogi, duk wanda ya lalace a hanya a taru a tashe shi. Mai agogo kuwa bai taɓa shiga rabon ba. Ya saba aiki shi kaɗai da gilashi a ido ɗaya, bai yarda da hannun kowa ba, kuma ya gwammace ya ɗauki dutse da ya ce "ara mini". Shekarun baya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ake tafiyar, yana ta sha. Da aka ce bana daga Bauci za a tashi sai kan tsaunin Mambila, maimakon ya rage kaya, sai tsoro ya sa ya ƙara. Ya lafta tayoyi, galan-galan na baƙin mai, jakar sifanu, har da ƙaramar uwar maƙera, babur ya koma kamar jakin fatake.

Tafiya dai ta yi daɗi. Kullum da safe yakan goge fulogi, ya bi notuna yana ɗaurewa, ya kara kunne a jikin inji kamar yadda yake sauraren agogon mutane. Suka ƙetare Binuwai, suka ci kifi har suka ture, mata masu tallan nono suna ɗaga musu hannu, shi kuwa yana tafe yana waƙa da muryar da inji kaɗai ke iya haƙuri da ita. Sai da aka fara hawan dutse labari ya sha bamban. Hanya ta dinga murɗewa, babur yana nishi a giya ta ɗaya, da ya faɗa wani rami a kan kwana sai ya ji ƙas, ƙas, ƙas. Wayoyin da ke riƙe da ƙafar baya ne suka tsintsinke, taya ta karkace. Ya sauke kaya kaf ya baje a gefen hanya, komai akwai ban da wayar ƙafa, don tun da yake ba ta taɓa tsinke masa ba. Can ƙasa ya jiyo makara tana hawowa, idonsa ya ciko.

Ashe na gaba sun daina jin rugugin babur ɗinsa sun juyo, na baya kuma suka tsaya. Wani tsohon malamin asibiti ya dubi kayan ya ce, "Yaya, ashe kasuwa ka buɗe a nan ba ka gayyace mu ba?" Aka bushe da dariya har da shi mai agogon, ya share ido, da ƙyar ya ce, "To, ku ara mini." Wayoyin ƙafa kuwa rabon wani mai sayar da taya ne, ya kwanto su a ɗaure kamar tsintsiya. Mutum biyu suka ɗaga babur, wani yana zura waya, shi kuma yana bi yana ƙwanƙwasa kowace da sifana yana saurare, har taya ta miƙe sak. Sannan kowa ya ɗebi abin da zai iya daga kayan ya ɗaure a bayansa. Da makara ta iso, uwar maƙera kaɗai ta samu ta ɗauka.

Bugu ɗaya ya yi wa babur ya tashi. Da ya ji bayansa sakayau sai ya kama hawa kamar ɗan akuya, iska mai sanyi tana dukan fuskar mai shi, shanu suna kiwo a koriyar ciyawa, gonakin shayi sun miƙe iya ganinka. Tun da ya mallaki babur ɗin bai taɓa sanin haka yake da ƙarfi ba. Ya isa ƙarshen tafiya da injinsa, abokansa a gaba da baya suna ta danna ham, kayansa a warwatse a kan baburansu, shi kuwa yana dariya har hular kwanonsa ta karkace.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.