Aljihun Hagu

Kujerar roba ta ƙarshe ta samu, can bayan shagon sayar da littattafan, kusa da ƙofar banɗaki. Tela ce. Tun azahar ta rufe kekenta, ta taho da baƙar leda a hammata.

Taron na masu karatu ne. Barkono, mai barkwancin nan da kowa ke kallo a waya, ya tattara rubuce-rubucensa na shaguɓe ya yi littafi, gobe kuma za a kai bugu na biyu maɗaba'a. Mai wallafa littafin ta ce kafin nan tana son jin ta bakin jama'a a kan babi guda da wasu suka yi ƙorafi a kansa, “Angulun Biki”. Abin da ya kawo telar ke nan. So take a cire shi.

Babin labarin wani tsoho ne da taron cin abinci ba ya wuce shi, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba. Sai ya raɓe a ƙarshen layi, ya faki idon mutane, ya zura nama a aljihun dama. Shafi shida Barkono ya ɓata a kan maiƙon da ke naso a rigar, da ƙudajen da ke yi wa tsohon rakiya har gida.

Wani malamin makaranta ya miƙe ya ce dariya ya yi har ya ƙware da shayi. Wani ɗalibi mai tabarau ya ce ai ba tsoho ake nufi ba, shugabanni ne, Barkono kuwa ya gyaɗa kai kamar da ma abin da ya nufa ke nan. Wata ma'aikaciyar banki ta toshe hanci, sai ka ce tsohon yana gabanta.

“Wallahi kasa cin abinci na yi ranar,” in ji ta. “Irin waɗannan ba yunwa ba ce, mutuwar zuciya ce.”

Aka tafa mata. Tana zama ta jefa kwalin lemon da aka raba guda biyu a jaka, telar tana kallonta.

Ba maiƙon da ke cikin littafin ne ya ba telar ƙyama ba, ta wanke wanda ya fi shi. Bakunan nan ne, cike da biskit ɗin kyauta, suna yagar mutumin da ko sau ɗaya ba su tambayi ina yake kai naman ba.

Sau uku tana ɗaga hannu, sau uku makirufo yana wuce ta. Sai ta karɓi ɗan katin da ake rabawa masu son rubuta ra'ayi, ta rubuta layi ɗaya, ta miƙa gaba. Mai wallafawar ta karanta shi da ƙarfi.

“Aljihun hagu ne, ba na dama ba. A cire babin.”

Ɗakin ya ɗauki dariya, aka ce yau ga mai gyara wa Barkono aljihu. Shi Barkonon kaɗai ne bai yi dariyar ba. Ya laluɓi gorar ruwa ya sha, yana leƙen fuskoki, amma ginshiƙi ya kare kujerar ƙarshe.

Aka ce masu son babin ya zauna su ɗaga hannu. Hannaye suka cika ɗakin. Na masu son a cire, guda ɗaya ne.

Telar ta bi layin masu neman sa hannu. Da aka zo kanta, kan Barkono a sunkuye yake, biro a hannu.

“Sunan wa zan rubuta?”

Ta kwance ledar, ta shimfiɗa wata tsohuwar riga a kan littattafan, ta zazzago aljihun hagu waje. An ɗinka masa leda a ciki da ɗinkin hannu, ƙanana, a karkace, irin na mai koyo. Biron ya tsaya.

“Ina 'yar shekara sha biyu na ɗinka masa, lokacin da likita ya ce jininka ya yi ƙasa, sai da nama,” ta ce, ba ta ɗaga murya ba. “Rubuta sunan Baba, auta. Ko tsoka ɗaya bai taɓa kaiwa bakinsa ba, kai kake cinyewa.”